TSAYAWA A TSAKIYAR RUWA: DARASIN DA YA FI BA MAI KOYON NUTSO WUYA

Duk wanda ya taɓa sayen ƙwan zabi da damina ya san abin da a kan yi kafin a biya kuɗi. A kan ɗebo ruwa a ƙwarya, a riƙa saka ƙwan ɗai ɗai. Wanda ya nutse ya kwanta a gindin ƙwarya shi ne mai kyau, wanda ya taso kuwa bara-gurbi ne, sai a mayar wa mai shi. Watau a ganinmu abin da ya faɗa ruwa hali biyu kaɗai gare shi, ko dai ya nutse, ko kuwa ya taso. To, ashe akwai hali na uku, shi ne abu ya tsaya a tsakiyar ruwa, bai taɓa ƙasa ba, bai kuwa fito sama ba, kamar yadda kifi kan tsaya wuri guda yana motsa baki. Wannan hali na uku shi ne babban darasin da a ke koya wa mai son ya iya nutso irin na zamani, wanda a kan shiga teku da tukunyar iska goye a baya. Turawa kan kira wannan irin nutso sukuba. Numfashi ta bututu a ƙarƙashin ruwa ba shi da wuyar koyo, a yini guda mutum ya kan saba. Amma tsayawar nan a tsakiya ita ce mai cin lokaci, har wani ya kan karɓi takardar shaidarsa ya daɗe yana nutso, hannunsa bai faɗa a kanta ba.

Ni na ɗanɗana wannan darasi ne a Dahab, wani ƙaramin gari a bakin Bahar Maliya, cikin yankin Sina'i na ƙasar Masar. In ka tsaya a bakin gaɓa kana hangen duwatsun ƙasar Saudiyya a ƙetaren ruwa. Garin ya yi suna wajen masu koyon nutso, domin ba sai an shiga jirgi ba. Mutum kan saɓa kayansa ne ya taka da ƙafa ya shiga teku, ruwan kuma garau ya ke, kana ganin abokin tafiyarka ko da ya yi maka nisa. Na ga ya kamata in bayyana wa masu karatu yadda al'amarin ya ke, tun ba malaman makaranta ba, don kuwa lissafin da ke ciki bai fi ƙarfin ɗalibansu ba, ga shi kuwa ran mutum na rataye da shi.

KAYAN MAI NUTSO

Masu nutson da can, irin masu neman lu'ulu'u a tekun Bahrain, dutse su kan ɗaura a igiya, su ɗora ƙafa a kansa ya ja su ƙasa. In numfashi ya kusa ƙarewa sai su girgiza igiya, abokin aikinsu da ke cikin jirgi ya jawo su sama. Turawan ƙarni na 19 kuwa kwalkwalin tagulla su kan sa, da takalma masu dalma, ana tura musu iska daga sama ta cikin dogon bututu, su yi ta takawa a ƙasan teku kamar mai tafiya cikin laka. Abin ya sake ne a shekarar 1943, sa'ad da waɗansu Faransawa biyu, Jak Kusto, hafsan sojan ruwa, da Emil Ganyan, injiniya, suka ƙera wata na'ura mai sassauta iskar da aka matse cikin tukunyar ƙarfe, ta riƙa ba mutum daidai gwargwadon abin da ya zuƙa. Ita ce daga baya aka riƙa sayarwa da sunan Aqua-Lung. Tun daga nan mai nutso ya rabu da igiya da bututun sama, ya zama yana yawo cikin ruwa yadda ya ga dama.

Sai dai akwai abin da kifi ya fi shi. Mafi yawan kifaye Allah ya yi musu wata 'yar jakar iska a ciki, wadda duk mai gyaran kifi ya sani, kifin na ƙara mata iska ko ya rage don ya tsaya a zurfin da ya ke so. Su Kusto ba su da wannan jaka. Dalma kaɗai su kan ɗaura a ƙugu, sauran aikin kuwa huhunsu da ƙafafunsu ke yi. Sai a 1961 wani Bafaranshe mai suna Moris Fenzi ya fito da jakar iska wadda a ke ratayawa a wuya, a shekarun 1970 kuma aka mai da ita riga mai kama da falmaran. Wannan rigar iska ita ce a yau kusan kowane mai nutso ke sawa.

Ran da aka fara shirya ni, ga abin da aka ɗora mini. Da farko rigar roba mai kauri wadda ta kama jiki tun daga wuya har idon sawu, don maganin sanyi. Robar nan cike ta ke da 'yan ƙananan kumfa kamar soso, saboda haka tana ɗaga mutum sama ƙwarai. Sa'an nan tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sai rigar iska, an ɗaure tukunya a bayanta. Daga kafaɗar hagu wani bututu ya sauko mai maɓalli biyu, in ka danna ɗaya iska ta shiga rigar daga tukunya, in ka danna ɗayan ta fita. Daga ƙarshe aka kawo ɗamara wadda aka jera wa curin dalma. A tudu kayan nan sun kusa kilo 30, mutum na tafiya a sunkuye kamar ɗan dako. Da ruwa ya kawo mini ƙirji sai na ji nauyin duk ya ɓace, kamar an sauke mini.

LISSAFIN MUTUM BIYU

Wanda ya fara bayyana dalilin ɓacewar nauyin nan shi ne Arkimidis, wani malamin lissafi na Yunanawa da ya zauna a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Abin da ya gano shi ne, duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan na tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture daga wurin. Lita ɗaya ta ruwan daɗi nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka abin da girmansa ya kai lita 80, in an tsoma shi duka, ruwa zai ɗauke masa kilo 80. In nauyinsa ya fi haka ya nutse, in bai kai ba ya taso, in kuwa ya yi daidai sai ya tsaya inda aka ajiye shi. Masuntan Argungu sun san wannan a aikace, shi ya sa su kan kwanta a kan babban gora su bi ruwa da homa a hannu. Goran babba ne, yana ture ruwa da yawa, cikinsa kuwa iska ce wadda ba ta da nauyin kirki.

Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi saboda gishiri. A yawancin tekuna akwai gishiri kamar giram 35 a kowace lita, a Bahar Maliya kuwa ya kai wajen 40, domin zafi na ƙafar da ruwan, ga shi babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta. Don haka wanda ya koyi nutso a tafki ko kududdufin wanka, in ya zo teku tilas ya ƙara dalma kamar kilo biyu ko uku, in ba haka ba ya yi ta shure-shure a sama bai nutse ba.

Da a ce lissafin Arkimidis ne kaɗai, da abin ya zo da sauƙi, sai a auna mutum sau ɗaya a ba shi dalmar da ta dace, shi ke nan. Wanda ya ɓata wannan shiri shi ne na biyun, Robat Boyil, wanda ya buga abin da ya gano a Ingila a 1662. Ya nuna cewa in aka ninka matsin da ke kan iska sau biyu, girmanta kan koma rabi. To, mu da ke tudu iskar sararin sama na danne mu da wani gwargwado, mu kira shi danni ɗaya. Duk mita 10 da mutum ya sauka cikin teku, watau ƙafa 33, ruwa na ƙara masa danni ɗaya. A mita 10 danni biyu ke nan, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Ashe ke nan iskar da ta cika lita 12 a sama za ta koma lita 6 a mita 10, lita 4 a mita 20, lita 3 a mita 30.

Malamai su lura da wannan jeri da kyau, don a nan asirin ya ke. Daga sama zuwa mita 10 iskar ta rasa rabinta, amma daga mita 20 zuwa 30 kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ta rasa. Watau canjin ya fi tsanani a kusa da sama, daidai inda a ke ajiye sabon ɗalibi don a na ganin nan ne ya fi aminci. Shi ya sa mai koyo a zurfin mita biyar ya kan sha wahalar da gwani a mita 25 ba ya sha, ya riƙa zargin kansa a banza.

Yanzu a haɗa lissafin biyu. Mai nutso na ɗauke da iska a wuri uku da ke iya matsewa: cikin kumfan rigar roba, cikin rigar iska, da cikin huhunsa. In ya sauka kaɗan, ruwa ya matse rigunan, girmansa ya ragu, ya ture ruwa kaɗan, sai ya ƙara nauyi ya ƙara sauka, saukar kuma ta ƙara matse shi. In ya hau kaɗan, rigunan su kumbura, ya ƙara sauƙi ya ƙara hawa, hawan kuma ya ƙara kumbura su. Ko ta wane gefe ya goce, ruwa na taimaka masa ya ƙara gocewa ne, ba ya mai da shi. Tsayawar tasa kamar ta mai ɗauke da tulu a ka ce ba gammo, kullum sai da 'yar gyara.

DALMA TA YI YAWA

Kafin a fara nutso akwai wani gwaji da a ke yi a saman ruwa. Mutum kan fitar da iskar rigarsa duka, ya ja numfashi irin na kullum ya riƙe, ya daina motsi. In dalmarsa ta yi daidai, ruwa zai tsaya masa a daidai ido, in ya saki numfashin kuma ya fara nutsewa a hankali. Ni da aka yi mini wannan gwaji sai na ƙi nutsewa. Malaminmu, wani Bamisire mai haƙuri wanda ba ya ɗaga murya, ya gaya mini laifin ba na dalma ba ne, ƙafafuna ne ke ta harbawa ban sani ba, ga kuma ƙirjina cike da iska saboda tsoro. Ni kuwa na nace a ƙara mini. Ya ƙara mini kilo huɗu, yana murmushi, da alama ya san ruwa zai fi shi iya yi mini bayani.

Ai kuwa na nutse, amma irin nutsewar dutse. Na isa ƙasa a mita 10 na durƙusa a kan rairayi, ƙura ta tashi ta rufe mu. Don in tashi daga ƙasa sai da na danna wa rigata iska mai yawa, domin kowane kilo na dalmar da ta yi yawa yana bukatar kusan lita guda ta iska kafin a biya bashinsa. Ga ni nan ɗauke da lita huɗu ta iska wadda da ban bukace ta ba. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. In na hau daga mita 10 zuwa mita 5, dannin ya sauka daga biyu zuwa ɗaya da rabi, lita huɗun nan ta zama biyar da sulusi, watau ruwa ya sami ƙarin kilo ɗaya da sulusi da zai tura ni sama da shi, ban taɓa kome ba. In na kai sama ta zama lita takwas. Haka kuwa aka yi. Na ɗan ɗaga kai ina kallon wani kifi, na harba ƙafa sau biyu, sai na ga ƙasa tana nisa da ni. Na lalubi maɓalli, cikin ruɗewa na danna na ƙara iska maimakon na ragewa. Malamin ne ya kamo ni ta takalmi, ya ja igiyar da ke kafaɗar rigar, iska ta fice, sa'an nan na sake faɗawa ƙasa. Haka na yini, sama da ƙasa kamar guga a rijiya.

Wannan kuskure shi ne ya fi yawa ga masu koyo, kuma a ganina waɗansu malaman ma na da laifi a ciki. Ya fi wa malami sauƙi ya lafta wa ɗalibai dalma su durƙusa a ƙasa a jere kamar 'yan makarantar allo, ya koya musu cire tabarau da mayarwa, ba mai tashi ya tsere masa. Amma ɗalibin da aka yaye a haka ya kan tafi da wannan nauyi duk inda ya je, yana zaton haka nutso ya ke. Za ka gan shi yana tafiya cikin ruwa a tsaye-tsaye, dalma ta ja ƙugunsa ƙasa, iska ta ɗaga kafaɗunsa sama, yana ta tuƙi da hannu, iskar tukunyarsa kuma ta riga ta kowa ƙarewa. Yanzu dai makarantu da yawa sun koma koyar da ɗalibi yana shawagi tun daga farko, wannan kuwa shi ne daidai.

Kada kuma a ce to sai a rage dalma ƙwarai. Iskar da ke cikin tukunya ita ma tana da nauyi. Tukunya mai lita 12 da aka matsa mata iska har danni 200 tana ɗauke da iskar da za ta cika lita 2,400 a tudu, nauyinta kuwa ya kusa kilo uku. A al'ada a kan fito ne da saura danni 50, watau mutum ya shaƙe ya fitar da fiye da kilo biyu. Ashe mai nutso ya fi sauƙi a ƙarshen tafiya bisa ga farkonta, kuma a ƙarshen ne a ke so ya tsaya cik a kusa da sama. Don haka a kan auna dalma ne da tunanin tukunyar da ta kusa ƙarewa.

HUHU SHI NE LINZAMI

Kashegari malamin ya zare mini kilo huɗun nan bai ce kome ba, ni ma ban ce ba. Ya sa na kwanta rubda ciki a kan rairayi, ƙafafu a miƙe, na riƙa ɗiga wa rigata iska kaɗan kaɗan, dannawa ɗaya gajeruwa sa'an nan in jira. Can sai na ga in na ja numfashi ƙirjina na tashi daga ƙasa, bakin takalmana kaɗai ke taɓa rairayi, in na saki kuma in koma a hankali. A nan na gane abin da ya ke nufi tun jiya. Huhun babban mutum na iya ɗaukar wajen lita shida, numfashin da mu ke yi muna zaune kuwa kamar rabin lita ne. Wanda ya ja dogon numfashi ya ƙara wa kansa girman lita biyu ko uku, watau ya rage wa kansa nauyin kilo biyu ko uku, ba tare da ya taɓa maɓalli ba. Rigar iska aikinta ta biya abin da zurfi ya matse, a taɓa ta in an sauya zurfi sosai. Ƙananan gyare-gyare duka na huhu ne. Gwani in zai haye wani dutse sai ya ɗan zurfafa numfashi ya tashi, in ya wuce ya saki ya sauko.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jinkirin ruwa. In ka ja numfashi ba nan take za ka tashi ba, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku, don jiki da kaya masu nauyi ne, ruwa kuma na riƙe su. Mai gaggawa in ya ga bai motsa ba sai ya ƙara danna iska, kafin ya ankara duka biyun sun kama aiki tare, ya yi sama. Dabarar ita ce ka riga motsin: da ka ji ka fara tashi ka fara sakin numfashi, da ka ji ka fara sauka ka fara ja. Wanda ya taɓa tuƙa kwalekwale ya san irin wannan, ba a jira sai hancin jirgi ya karkace sa'an nan a gyara.

Akwai kuma wata ƙaramar hikima wadda rashin saninta ya wahalar da ni. Iska a cikin riga kullum tana gudu ne zuwa wurin da ya fi tudu. In kanka na ƙasa ƙafafunka na sama, ko ka danna maɓallin fitarwa har gobe ba abin da zai fita, don iskar ta taru a gindin rigar. Tilas ka ɗaga kafaɗar hagu, ka ɗaga bututun sama da kanka, ko kuwa ka ja igiyar da aka tanada a ƙasan rigar saboda irin wannan hali.

Gwajin da a ke yi wa ɗalibi a wannan babi shi ne ya tsaya a tsakiyar ruwa kamar rabin minti, ba harbi da ƙafa, ba tuƙi da hannu. Rabin minti a bakin mai faɗa ba kome ba ne. Ni sai a gwaji na biyar na cika shi. Don mai karatu ya san abin ba wasan masu yawon shaƙatawa kaɗai ba ne, 'yan sama jannatin Amurka ma da wannan dabara su ke koyon aiki. A birnin Hustan akwai wani babban kududdufi mai zurfin mita 12, inda a kan sa musu kayansu a daidaita su da dalma har su tsaya a tsakiya, su gwada aikin da za su yi a sararin samaniya inda abu ba ya faɗuwa.

ABIN DA KE KAN GANGANCI

Me ya sa a ke tsananta wannan darasi haka? Dalili na farko huhu ne. Mai nutso a mita 10 yana shaƙar iska mai danni biyu. In ya cika ƙirjinsa ya riƙe numfashi ya yi sama, iskar za ta nemi ninka girmanta, huhu kuwa ba shi da wurin ba ta, sai ya yage, kumfa ya shiga jini ya tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai an yi zurfi ba, hawan mita ɗaya ko biyu da cikakken ƙirji a rufe ya isa ya yi ɓarna. Shi ya sa dokar farko da a ke karanta wa ɗalibi ita ce kada ya kuskura ya riƙe numfashi. Ko gyaran da na ambata na huhu, da tsawaita ja da saki a ke yinsa, maƙogwaro a buɗe.

Dalili na biyu wata iska ce da a ke kira naitirojin, wadda ita ce kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da mu ke shaƙa. A ƙarƙashin danni tana narkewa cikin jini da tsoka. In mutum ya hau a hankali sai ta fita ta numfashi ba wata illa, in kuwa ya hau da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an ɓalle marfinta farat ɗaya. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, wani lokaci har mutuwa, maganin kuwa shi ne a sa mutum cikin wani ɗakin ƙarfe a sake matsa shi, sa'an nan a sassauta a hankali. Wani likitan Faransa, Pol Ber, shi ya bayyana sanadin wannan ciwo a 1878, a 1908 kuma Jon Holden ya tsara wa sojan ruwan Ingila jadawalin hawa daki daki. A yau ƙa'idar da na'urorin masu nutso suka fi bi ita ce kada hawa ya wuce kamar mita 9 ko 10 a minti guda, sa'an nan a dakata minti uku a zurfin mita biyar kafin a fito. Wanda bai iya tsayawa a tsakiya ba, ina zai iya wannan dakatawa, ga tukunya ta yi sauƙi, ga shi a daidai inda iska ta fi kumbura?

Gefen ƙasa ma da nasa haɗarin. An iyakance wa sabon mai takarda mita 18, masu nutson shaƙatawa duka kuwa mita 40. A arewa da Dahab kaɗan akwai wani rami a cikin teku da a ke kira Shuɗin Rami, zurfinsa ya haura mita 90, a jikin dutsen da ke bakinsa kuma an manna alluna masu sunayen waɗanda suka shiga ba su fito da rai ba. A irin wannan wuri babu rairayin da zai tare mai nauyi a mita 10 kamar yadda ya tare ni.

Sa'an nan akwai haƙƙin abin da a ka je kallo. Duwatsun murjani na Bahar Maliya halittu ne masu rai, waɗansu irinsu kamar santimita ɗaya kaɗai su kan ƙaru a shekara. Harbi ɗaya na takalmin wanda bai iya tsayawa ba na iya karya abin da ya yi shekaru yana girma. Mutanen Dahab kuwa, Badawiyyawa da sauran Misirawa, da yawansu abincinsu na rataye da baƙin da murjanin nan ke kawowa. Malaminmu bai yarda mun kusanci murjani ba sai da ya ga kowa ya iya riƙe kansa a kan rairayi.

GA MALAMAN MAKARANTA

Malamin da ke son ya nuna wa ɗalibansa wannan ilmi ba sai ya kai su teku ba. Don lissafin Arkimidis, a narka gishiri mai yawa cikin rabin kofin gilashi na ruwa, a saka ɗanyen ƙwai mai kyau, za a ga ya taso. Sa'an nan a riƙa zuba ruwan daɗi a hankali ta bayan cokali har kofi ya cika, ƙwan zai tsaya a tsakiya, inda ruwan biyu suka haɗu.

Na Boyil kuwa ya fi daɗin kallo. A sami gorar roba mai haske a cika ta da ruwa fal. A ɗauki marfin biro, a toshe hudar samansa in yana da ita, a liƙa ɗan cingam ko ƙaro a wutsiyarsa don ya yi nauyi, a gwada shi a kofi har ya zama bakinsa na ƙasa, kansa kaɗai ya ɗan leƙo saman ruwa. A saka shi cikin gorar a murɗe marfinta sosai. In aka matsa gorar da hannu, 'yar iskar da ke cikin marfin biron za ta ƙanƙance, ya nutse. In aka saki ta kumbura, ya taso. Marfin shi ne mai nutso, cingam dalmarsa, iskar kuma rigarsa. Daga nan malam ya zana layi a tsakiyar gorar, ya ba yara ɗai ɗai, kowa ya gwada tsai da marfin a kan layin har a ƙirga talatin. Zai ga yaro ya matsa da ƙarfi marfin ya wuce ƙasa, ya saki da sauri ya wuce sama, 'yan aji na dariya, har sai an sami wani mai sanyin hannu da zai fara sassautawa tun marfin bai iso layin ba.